Google Docs, MkDocs, Docusaurus ko Sphinx: ina za ku rubuta bayanin sabuwar siga?

Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a Danfodiyo ya tare ni bayan magariba nan Mabera, ya ce yaya mun rasa matsaya. Su biyar ne, sun gina ɗan ƙaramin yaren kod na koyar da yara, kalmominsa na Hausa, sun sake shi kyauta kowa ya duba kowa ya gyara. Yanzu za su fitar da siga ta biyu sai gardama ta tashi kan inda za a rubuta bayanin abin da ya canza, da yadda za a yi bitarsa kafin a saki. Ɗaya ya ce Google Docs ya ishe su, ɗaya ya ce MkDocs, wani ya ga Docusaurus ya yi masa kyau a ido, shi kuma ƙanen nawa ya ji cewa Python, sanannen yaren kod ɗin nan, da Sphinx take aiki amma da ya buɗe sai ya tsorata. Na ce ya ba ni kwana biyu. Ga abin da na rubuta masa, na san ba su kaɗai ne ke cikin wanga ruɗu ba.

Tukuna, mu fahimci wa ke karanta wagga takarda. Ba baƙo ba ne da ya zo kallo, mutum ne da ke da kod mai aiki a hannunsa kuma yana tsoron in ya ɗauki sabuwar siga abinsa ya lalace. Lokacin da Python 3.13 ta fito a watan Oktoba 2024 an cire tsofaffin modul, wato sassan kod da ke zuwa tare da ita, guda 19 a tashi ɗaya, ciki har da cgi da telnetlib, amma tun a 3.11 anka fara gargaɗi cewa za a cire su, kuma an rubuta su ɗaya bayan ɗaya cikin bayanin siga. Wanda ya karanta ya shirya, wanda bai karanta ba ya wayi gari shirinsa ya ƙi tashi. Aikin takardar ke nan.

Ni na koyi wannan da zafi. Shekarun baya mun yi irin wanga aiki da wasu abokai, sai munka canza kalmar fitar da rubutu a allo daga `nuna` zuwa `buga`. An gyara cikin kod, an ambata a bayanin siga, amma misalin farko na darasi yana can wani waje daban kuma babu wanda ya koma kansa. Munka buga takardu munka tafi koyar da yara, watan Afrilu ne, zafin Sakkwato da kun sani, an sayo mai an tada janareta saboda awa biyun nan kawai. Yara sunka kwafi misalin harafi da harafi, kowane allo ya fito da jan rubutu. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu a hankali ta ce "malam, ni ce na yi kuskure?" Ba ita ba ce. Ta yi daidai abin da takarda ta ce, takardar ce ta yi mata ƙarya. Tun ranar nake auna kowane kayan rubutu da wagga tambaya.

Abubuwan da nake aunawa

Na farko bita. In wani ya taɓa rubutun, shin mai dubawa zai ga ainihin layin da anka canza, da wanda ya canza, da gyaran kod ɗin da ya jawo canjin, duk a waje ɗaya? Na biyu shi ne ko na'ura za ta iya kama ƙarya, wato misalin da ya daina aiki da linkin da ya mutu da sunan umarnin da anka riga anka cire, domin ido yana gajiya, musamman daren da za a saki siga. Waɗannan biyun su ne sunka fi nauyi a wajena, sauran na biye.

Na uku wuta da data. A nan ba wasa ba ne, kayan da ba ya aiki sai da intanet ya riga ya rage maki. Na huɗu kuɗi, kuma gaskiya duka huɗun kyauta ne a saye, farashin yana ɓoye cikin data da lokacin koyo. Na biyar ɗorewa: ku biyar ɗin nan bayan shekara biyu wani ya tafi hidimar ƙasa, wani ya samu aiki Abuja, wani ya yi aure, wa zai buɗe rubutun ya ci gaba? Na ƙarshe Hausarmu, ƙ da ɗ da ɓ, da maganar fassara in kuna son Hausa da Turanci su tafi tare.

Google Docs

A sauƙi babu mai kama shi. Kowa ya iya, ana buɗe shi a waya, kana zaune cikin keke napep daga Dandima zuwa Runjin Sambo za ka iya gyara jimla. Yanayin ba da shawara nasa yana da kyau ƙwarai, mutum ya soke kalma ya sa wata, mai takarda ya karɓa ko ya ƙi. In kuna da malamin Hausa da zai duba muku ƙa'idar rubutu kuma bai taɓa jin sunan git ba, wato manhajar da ke riƙe tarihin kowane gyara da anka yi wa kod, a nan ne kaɗai zai yi aikin ba tare da wahala ba. Kyauta ne, cikin gigabait 15 da ake ba kowane asusu, kuma ana iya saita shi ya yi aiki babu intanet in an shirya tun da wuri.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Rubutun yana can, kod yana nan, babu igiyar da ta ɗaure su. Wanda ya canza kod ba abin da zai tilasta masa ya taɓa bayanin, kuma babu na'urar da za ta gwada misalai. Ƙari a kan haka, an gina shi ne don rubutun wasiƙa da rahoto, shi ya sa yake mayar da alamar zance miƙaƙƙiya zuwa lanƙwasassa yana kuma girmama harafin farko da kansa, abu ne mai kyau a wasiƙa amma a kod guba ne, wanda ya kwafa zai samu kuskure. Ana iya kashe wannan a saiti, sai dai kowa sai ya kashe nasa. Maganar siga kuma da hannu ake yi, a kwafi takarda a sa mata suna, kafin shekara ta zagayo kuna da takardu shida ba wanda ya san wacce ce ta gaskiya. Sannan takardar tana ƙarƙashin asusun mutum ɗaya, in ya ɓata lambar sirri ko kunka samu saɓani, sai a hankali. Daga 2024 ana iya fitar da rubutu daga cikinsa a tsarin Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin nuna kanu da jeri, wannan ya sa ya zama wajen daftarin farko mai kyau. Daftari fa, ba mazauni ba.

GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, yana da wajen rubuta bayani da ake kira Wiki, shi ma wasu na kawo shi a nan. Ba zan daɗe kansa ba: ba shi da hanyar aiko gyara a duba kafin ya shiga, wanda ke da izini yana rubutawa ya hau kai tsaye. Ga bayanin siga wannan kaɗai ya fitar da shi.

MkDocs

Daga nan zuwa ƙasa duk rubutu ne zalla cikin fayil, yana zaune ma'ajiya ɗaya da kod, git na riƙe da tarihinsa. Wannan shi ne babban tsallaken, ya fi bambancin da ke tsakanin ukun da sunka rage. Mutum ya canza `nuna` zuwa `buga`, ya aiko buƙatar haɗa gyara wadda ake kira PR, mai bita ya buɗe ya ga jan layi da koren layi, ya ga kod ya canza amma bayani bai motsa ba, sai ya ce ɗan'uwa koma ka ƙarasa. Kuma git ba ya buƙatar intanet sai lokacin turawa, kana iya yini kana aiki da batirin laftof ka kunna hosfot na minti biyu ka tura.

MkDocs da Markdown yake aiki, tsarin da John Gruber ya fito da shi a 2004, wanda mutum ke koya cikin zama ɗaya. Da Python anka rubuta shi, girkawa umarnin `pip` ne guda, saitinsa fayil ɗaya ne, in ka buga `mkdocs serve` kana gyara kana ganin shafin yana sabuntawa a burauza nan take. Data kaɗan yake ci. Masauki kyauta ne a GitHub Pages ko Read the Docs muddin aikin buɗaɗɗe ne. In an gina shi da `--strict` yana ƙin wucewa in ya ga linkin cikin gida da ya karye, wannan ma taimako ne.

Rauninsa shi ne shi shafuka ya sani, bai san mi ake nufi da umarni ko kalmar yare ba. Ba ya da hanyar da za ka ce "wagga kalma an ƙara ta a siga 2.0" ya gane ya adana, sai dai ka rubuta da hannu kamar kowace jimla. Duk abin da ya wuce na asali sai da ƙari: kana son kowace siga da nata shafi sai ka ɗauko `mike`, kana son harshe biyu sai wani ƙarin, kana son kyan gani sai jigon Material, kuma kowane ɗaya mutane daban ke kula da shi. Ranar da ɗaya ya yi ofdet ɗaya bai yi ba, kai ne za ka zauna sasanta su. Amma ko duk sun watse fayilolinka Markdown ne, za ka kwashe su ka kai wani waje, hasarar ba ta da yawa.

Akwai ɗan'uwansa mdBook na mutanen yaren kod na Rust, fayil ɗaya ne kake saukewa ba ya neman komai, kuma yana gwada misalan kod da kansa, sai dai misalan Rust yake gwadawa. In littafin koyo kawai kuke so ku duba shi.

Docusaurus

Daga Facebook ya fito a 2017, kuma a kyau ya fi su duka tun daga ranar farko. Abu biyu da MkDocs ke nema a waje shi yana da su a ciki, wato ajiye sigogi da fassara. Umarni ɗaya zai daskarar da bayanin siga 1.0 a gefe ku ci gaba da 2.0, mai karatu ya zaɓa daga sama.

Farashin fa? A kan Node.js da React yake, kayan aikin yaren kod na JavaScript, girkawar farko tana jawo ɗaruruwan ƙananan fakiti, ta wuce megabait 100 cikin sauƙi, kuma kowane ɗayanku biyar sai ya sauke nasa, in netwok ya yanke a tsakiya a sake. Tsohuwar laftof mai ram 4 tana jin jiki wajen ginawa. Rubutunsa kuma MDX ne, Markdown da aka gauraya da JavaScript, ma'ana alamar `<` ko `{` da ka sa cikin jimla ba tare da ka killace ta ba tana iya hana shafin ginuwa, ku kuma yaren kod kuke bayani, waɗannan alamomi su ne abincinku kullum. Yadda yake ajiye siga shi ne ya kwafi jakar bayanin gaba ɗaya, fassara ma haka, to in kuna da siga uku da harshe biyu kuskuren rubutu ɗaya yana zaune waje shida. Sannan duniyar JavaScript tana gudu, in kun bar shi shekara biyu ba ku taɓa ba ranar dawowa akwai aiki. In cikinku akwai wanda React ce sana'arsa kuma zai daɗe, to ba laifi. In babu, kyan nan bashi ne.

Sphinx

A nan zan daɗe, domin shi ne anka gina musamman saboda wanga aiki. Georg Brandl ya rubuta shi don bayanan Python kanta, ya fito a 2008, kuma har yau da shi Python ke aiki, da Django, kayan gina shafukan intanet, kernel na Linux ma, wato zuciyar manhajar Linux, ya koma kansa a 2016. Wannan ya amsa tambayar ɗorewa, abin da waɗannan sunka jingina a kansa ba ya ɓacewa dare ɗaya.

Abin da ya tsorata ƙanena shi ne reStructuredText, tsarin rubutunsa, kuma ban ga laifinsa ba. Yana da tsauri, tazarar farkon layi tana da ma'ana, layin da ke ƙarƙashin kanu in ya gaza tsawon kanun sai ya yi ƙorafi, alamar kod biyu ce ba ɗaya ba, makon farko za ka ji kamar da gangan ake wahalar da kai. Amma tsaurin nan shi ne ake saye. A Sphinx ba ka rubuta sunan umarni haka kawai, kana gaya masa cewa wannan umarni ne, sai shi ya nemo inda anka yi bayaninsa ya ɗaura linki da kansa. In ka gina da `-n` da `-W` sai duk sunan da ka ambata wanda babu shi ya zama kuskure mai tsayar da gini. Ka gane abin da wannan ke nufi? Da mun cire `nuna` daga jerin umarnai, duk jimlar da ke nuni gare shi da ta yi ihu tun kafin mu je wajen mai buga takarda.

Misalan kod kuma akwai `literalinclude`, maimakon ka kwafi misali cikin rubutu sai ka ajiye shi fayil nasa, bayani ya jawo shi daga can, gwajin kod ɗinku kuma ya riƙa gudanar da wannan fayil ɗin a kowane PR. Misali ya lalace, gwaji ya faɗi, babu haɗawa. MkDocs da mdBook ma suna iya jawo fayil irin haka, don haka ko mi kunka zaɓa ku yi wannan, shi ne maganin tambayar yarinyar nan. Ga masu kod na Python akwai `doctest` a kan haka, akwai kuma `linkcheck` mai bin linkunan waje ɗaya bayan ɗaya, shi kam yana son intanet, ku bar shi ya gudana can GitHub ba a datarku ba.

Sai abin da na fi so, `versionadded` da `versionchanged` da `deprecated`. Duk wanda ya taɓa karanta bayanan Python ya ga ɗan layin nan ƙarƙashin umarni mai cewa an ƙara shi a siga kaza ko an canza shi a siga kaza. Daga nan yake fitowa. Tarihin kowane umarni yana manne da shi, malamin da ke koyarwa da tsohuwar siga a wata makaranta a Wamakko ko Bodinga, wanda bai samu damar ofdet ba, zai duba ya san wannan bai shafe shi ba tukuna. Yana da ma hanyar rubuta nahawun yare, kuma za ku iya koya wa Pygments, manhajar da ke yi wa kod launi, kalmominku na Hausa ya riƙa yi musu launi.

Fassara ita ma a nan ya yi musu nisa. Yana yanka rubutu sakin layi sakin layi ya zuba cikin fayilolin fassara da ake kira po, in asalin jimla ta canza sai fassararta ta samu alamar cewa tana bukatar a sake dubawa, ba za ta zauna shiru tana faɗin tsohon zance ba. Haka ake fassara bayanan Python zuwa Faransanci da Japananci da Sifaniyanci da sauransu, kuma akwai Poedit da ke buɗe waɗannan fayiloli babu intanet. Wanda ya ƙi jinin reStructuredText kuma akwai MyST, ka rubuta Markdown Sphinx ya karanta, na ga wannan ya sasanta mutane da yawa.

Gargaɗi ɗaya game da PDF, don na san za ku so bugawa a takarda. Sphinx ta LaTeX yake bi, wato manhajar tsara rubutu don bugawa, girka LaTeX cikakke gigabait ne ba megabait ba, kuma injinsa na asali ba ya gane ƙ da ɗ da ɓ sai an yi masa dabara, mafi sauƙi a koma `xelatex` a zaɓi font mai ɗauke da haruffan. Ku gwada wannan tun yau da shafi ɗaya, kada ku bari sai daren saki. Akwatin bincike ma, a kowane ɗaya cikin ukun, ku gwada da hannunku ku ga mi ke fitowa in mutum ya buga "kara" yana nufin "ƙara", domin rabin masu karatunku ba su da haruffan a kibod.

| | Google Docs | MkDocs | Docusaurus | Sphinx |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | kyauta | kyauta | kyauta | kyauta |
| Cin data | kullum, kaɗan kaɗan | kaɗan | mai yawa a farko | kaɗan, ban da LaTeX |
| Aiki babu intanet | sai an saita | e | e, bayan girkawa | e |
| Koyo | nan take | yini ɗaya | kwanaki | mako ɗaya zuwa biyu |
| Bita tare da kod | babu | akwai | akwai | akwai |
| Kama kuskure | babu | linki | linki | linki da sunaye |
| Sigogi | da hannu | da ƙari | a ciki | reshen git da Read the Docs |
| Fassara | da hannu | da ƙari | kwafin fayil | fayilolin po |
| Babban haɗari | rabuwa da kod | ƙari ya mutu | nauyi da ofdet | mutane su gudu tun farko |

Kwanakin koyon nan kiyasina ne daga waɗanda na koya wa, wani ya fi haka sauri.

Wata gardama da za ta biyo baya

Ko kun zaɓi kayan aiki, saura tambayar fayil ɗaya ko gutsattsari. Rust tana sakin siga duk mako shida kuma tana da dogon fayil ɗaya na tarihin sigogi. Python kuma, mai saki sau ɗaya a shekara cikin Oktoba, kowane gyara yana zuwa da ɗan fayil nasa mai jimla ɗaya ko biyu, da wani kayan aiki da ake kira blurb ake rubuta su, ranar saki a haɗe su. Dalili shi ne in mutum goma na taɓa saman fayil ɗaya kullum gyaransu na karo da juna. Akwai towncrier mai yin irin wannan ga kowa. Ku biyar fayil ɗaya ya ishe ku yanzu, in kun kai goma sha ko karon ya fara cin ranku sai ku koma gutsattsari.

Amma ku lura, jerin gyare-gyare daban, bayanin mi ya canza daban. A Python ma takardu biyu ne, na biyun mutum ne ke zama ya tace shi ya jera abu mafi muhimmanci a sama. Ni shawarata abin da zai karya kod ɗin mutane shi ne farko, da misalin yadda yake da da yadda zai koma, sabbin abubuwan da kuke alfahari da su su biyo baya. Kuma wanda ya rubuta kod kada ya zama shi ne mai bitar bayaninsa, ya san abin da yake nufi saboda haka ba zai ga inda bai faɗa ba. Ku ba wanda bai taɓa ganin gyaran ba, ya zauna da laftof ya bi umarnin kamar baƙo. Wata 'yar dabara kuma, ku riƙa sa kowace jimla a layinta cikin fayil, a shafi ba za a ga bambanci ba amma a bita jimlar da anka taɓa ita kaɗai za ta yi launi, ba sakin layin gaba ɗaya ba.

To wa ya ɗauki wanne

In aikin na fita makaranta ne, za a kare shi gaban malamai a ajiye, ku ɗauki MkDocs yau da dare ku gama, kada ku ɓata mako biyu kan Sphinx. Haka in bayaninku bai wuce shafi goma sha biyar ba kuma harshe ɗaya ne.

In kuna da niyyar yaren ya rayu, makarantu su ɗauka, sigogi su taru, Hausa da Turanci su tafi tare, to Sphinx, kuma ku fara da MyST don kada mutum biyu cikin biyar su ja baya. Mutum ɗaya ya sha wahalar saitin sau ɗaya, ya rubuta matakan ginawa cikin fayil a ma'ajiyar, saura su rubutu kawai za su yi.

Docusaurus na wanda ke da ɗan React tsayayye da intanet mai ƙarfi ne, kuma yana son shafin ya zama har da talla da labarai ba bayani kaɗai ba.

Google Docs kuma kada ku jefar da shi. Mako biyu kafin saki ku kwafi daftarin bayanin ku kai can, ku tura wa malamin Hausa da malaman da ke koyarwa da yaren su yi ta sukar jimloli daga wayoyinsu, ku ba su wa'adi, sannan mutum ɗaya ya kwashe gyaran ya mayar cikin git ta PR, ban da misalan kod, su kam daga fayilolin da anka gwada za su fito. Ƙanena dai na ce masa su tafi Sphinx da MyST, domin ya gaya mini akwai makarantu biyu da sunka riga sunka fara koyarwa da sigar farko, kuma ranar Asabar zan je in zauna da su mu sa misalan darasi na ɗaya cikin gwaji.